Gugguru a Soron Inna Kulu

Kwanan baya ina zaune wajen mai shayi a bakin tashar mota, nan Talata Mafara, wasu samari suka matso suna dariya. Ɗayansu ya miƙo min waya, ya ce, "Baba Garba, dubi sana'arka. Ashe abin ga wasa ne kake ɗaure muna fuska!" Na karɓa na duba. Wani mutum ne a wata ƙasa, tsaye kan benci, ya fesa wa silin ruwa, ya tura faffaɗan ƙarfe, sai ga abu yana zubowa sulu-sulu kamar ana feren kabewa. Kafin shayina ya huce ya gama ɗaki guda. Na yi dariya har na kusa ƙwarewa. Na ce su jawo benci su zauna, tunda sun tono ni, yau sai sun ji.

Sunana Garba, amma ko a Bakura ko a Maradun ka ce Garba Mai Silin an san wanda kake nufi. Abin da kuka ga mutumin nan yana kankarewa, mu gugguru muke ce masa. Kwaɓi ne na farin siminti da yashi mai laushi da ɗan gam, a watsa shi a silin ya bushe tsiro-tsiro kamar masarar da ta fashe a kasko. Ni na watsa shi da hannuna lokacin da ake yayinsa, ni ne kuma nake kankare shi yanzu da yayin ya wuce. Silin ɗaya ya ciyar da ni sau biyu, kun ga ba ni da ta cewa sai godiya.

Aikin farko da na ga an yi shi a gidan wani dillalin shinkafa ne a bayan kasuwa. Maigidana a sana'a, Baba Labbo, dogon mutum marar yawan magana, ya zo da wani ɗan akwatin ƙarfe mai hannun juyawa. Cikinsa haƙora ne na ƙarfe a jere. A zuba kwaɓi, a ɗaga akwatin sama, a riƙa juyawa, haƙoran suna watsa kwaɓin kamar yayyafi. Ni nawa aikin shimfiɗa buhunan siminti a ƙasa, da kwaɓi, da wanke injin in an tashi. Na daɗe a haka kafin ya bar ni na taɓa hannun juyawar nan. Ranar da ya miƙo min, na kama juyi da ƙarfi don in burge shi, kwaɓin ya dawo min a fuska har cikin hanci. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Garba, ba niƙa aka sa ka ba. Juya shi kamar kana lallashin jinjiri." Da muka gama, unguwa ta cika gidan, mata da yara kai a sama, baki buɗe. Dillalin ya sa aka kunna fitila da rana tsaka don a ga inuwar tsiron. Daga nan kowa sai gugguru. Amare har ƙyalƙyali suke sa a zuba musu a kwaɓin.

Sai da aka zauna da shi aka gane halinsa. Gugguru ba ya sakin komai. Hayaƙin turaren wuta, hayaƙin maganin sauro, yanar gizo-gizo, gidan zanzaro, duk yana riƙe da su. Ka ɗaga tsintsiya ka share, ya zubo maka cikin tuwo. Da farin garin nan fiyofi ya shigo, mai yin silin sumul kamar ƙwai, sai masu gugguru suka fara jin kunyar ɗaga kai a falonsu.

Wata ungozoma a Maradun ce ta fara sa ni kankara. Jikarta na fama da asma, kullum tari a ɗakin. Ta aiko aka kira ni, ta nuna min sama ta ce, "Kai kas sa shi, kai za ka hidda shi." Ban taɓa cire shi ba, don haka na biya wajen Baba Labbo. Lokacin ya daina fita aiki, yana zaune a ƙofar gida da tarin da ya ƙi barinsa. Ya ce, "Kada ka kuskura ka taɓa shi a bushe. Ka ji ƙirjin ga nawa? Ƙurar aiki ce. Ba shi ruwa shi sha, ka jira, shi da kansa za shi sauko."

To ga abin da wayarku ba ta nuna ba. Kafin ka taɓa sama sai ka gama da ƙasa. A fitar da kaya, a kashe wuta, a kwance fanka, a rufe bango da daɓe da leda, a manne bakinta. Ruwan da famfon feshi ake ba shi, irin na manoman rani wanda ake goyawa, amma sabo, wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ba. A sa ɗan garin sabulu don ruwan ya ratsa. Makankarin faffaɗa ne, kuma sai ka goge kusurwoyinsa a dutse sun dakushe, in ba haka ba ya yi ta yi wa silin tsaga kamar wanzami. Ka ɗaure hanci da baki, ka sa tabarau. Ka jiƙa gwargwadon inda hannunka ke kaiwa, ka jira, ka danna da babban yatsa. In ya nutse kamar tuwon da ya kwana, ya yi. Ka kwantar da makankari ka tura. Wallahi ranar da na ga gugguru ya naɗo ya faɗo a gidan ungozomar nan, ihu na yi a kan benci, har ta leƙo ta ce ko kunama ce. In an gama a bari ya bushe, a cike ramuka da fila, wato farin kwaɓin shafe, a goge da samfefa, takardar nan mai kaushi, sannan fenti. Washegari kuwa wuyanka ba naka ba ne. In an gaishe ka daga gefe, da duk jikinka za ka juya.

Kuma ba kowane silin ke da sauƙin kai irin wannan ba. Na rufin kankare ba ya tsoron ruwa, ba shi ya ƙoshi. Na katako ka cika masa ruwa ya kumbura ya lanƙwasa. Wanda aka bi da fenti mai mai kuwa, ruwa zamewa yake a kansa, sai ka fara karce fentin, ka sha wuya ka gode Allah. Akwai kuma tsofaffin allunan nan masu launin toka da ake kira asbesto. Waɗannan ba na kankare su ko an roƙe ni. Jiƙa su nake in sauke su ɗungurungum ba tare da sun karye ba, don ƙurarsu muguwa ce.

Shekarar da aka rufe kasuwanni aka yanke layin waya saboda 'yan bindiga, sana'armu ta tsaya cak. Wa zai yi zancen silin alhali bai san inda zai kwana gobe ba? Hanyar Maradun ta zama sai da addu'a. Gari ya cika da mutanen ƙauye, wasu a makarantu, wasu a kangaye. Famfona ya yi ta zama a lungu har robarsa ta bushe.

A shekarar na san Manu. Bafulatani ne, magidanci mai furfura a gemu, daga wajen Gidan Goga. An kore masa shanu kaf, ya tsira da matarsa da 'ya'yansa da ƙoren nono guda biyu, ɗaya ma ta fashe a hanya. Yana tura kurar ruwa a unguwarmu, muna haɗuwa a masallaci. Wata rana bayan la'asar ya biyo ni ya ce, "Malam Garba, koya min aikin ga naka. Ban iya zama hannu biyu ba." Na ce masa ni kaina ba ni da aikin. Ya juya zai tafi. Na shiga gida na zauna a falo, na ɗaga kai, sai ga gugguru na kallona, wanda na watsa da kaina lokacin aurena, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Na fito da gudu na ƙwala masa kira.

Maiɗakina ta ga muna fitar da kujeru, ta ce, "Malam, gari na cikin wanga hali kai kana kwalliyar ɗaki?" Na ce makaranta na buɗe. A falon nan Manu ya koya. Da farko makankarin ƙarfe ya ƙi shi, yana ta caka wa silin. Kashegari sai ya zo da sakaina, ɓallin ƙwaryar nan tasa da ta fashe, ya goge bakinta ya yi santsi. Na ce wannan kuma ta mene ce? Ya ce shi da ita ya saba, da ita suke kankare ƙwarya. Ya hau benci ya kwantar da ita a kusurwa, inda ƙarfe ke yawan ɓarna, ya ja a hankali. Ta share gugguru tas, ba ta bar ko ƙwarzane ba. Na karɓa na gwada da kaina. Na ce, "Manu, yau kai ka koya min." Mutumin da ya yi shekaru yana tatsar saniya ya san yadda ake matsa abu ba a ji masa ciwo ba.

Da abubuwa suka ɗan lafa, aiki ya fara dawowa, muna fita tare. Amma ba ko'ina ake barinsa ya shiga ba. Wasu in sun ji harshensa sai su ja ni gefe su ce in zo ni kaɗai. Nakan ce mu biyu ne ko babu. Mun rasa ayyuka a haka, shi kuwa sai ya ɗauki famfo mu juya.

Ana gab da damina wani malamin Islamiyya daga Bakura, Malam Nasiru, ya zo har gida. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da haƙurin zamani, ya mutanen Bakura, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Gidansu gidan malamai ne. Akwai tsohon soro na ƙasa a ƙofar gidan, inda kakansa ya yi ta ba da karatu, har yau kuma a nan ake karatun manya da safe. Shekarun baya wani baffansa ya sa an shafe rufin ciki da fila an watsa gugguru, don soron ya yi kama da na zamani. Yanzu gugguru na ɓarewa yana zubowa kan littattafai. Dangi sun yanke magana: ko a gyara kafin ruwa ya sauka, ko a rushe a yi na bulo. Mafi yawansu rushewa suke so. Ya ce ya kai masu aiki biyu, kowanne ya ɗaga kai ya ce a ba shi haƙuri.

Muka hau babur muka tafi da Manu. A ƙofar gida Malam Nasiru ya miƙa masa hannu ya ce, "Daga ina malam yake?" Manu ya ce, "Gidan Goga." Na riga na fara gyara igiyar famfo a kafaɗa don juyawa. Sai Malam Nasiru ya riƙe hannun nasa da hannu biyu ya ce, "Allah shi maida alheri. Sannu da haƙuri. Bismillah, ku shigo."

Ina shiga na gane abin da ya kori masu aikin nan. Rufin ɗaurin guga ne, bakuna huɗu na azara da ƙasa sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, sama can. Gugguru ba ya sauka sai da ruwa, ginin ƙasa kuwa ruwa ne ajalinsa. Ka fesa da famfo, rufin ya jiƙe ya rufto maka a ka. Ka kankare a bushe, ka cika cikinka da ƙura, ka kuma ɓalgace ginin. Na tsaya ina shafa gemu. Manu ya ce, "In ba a fesa ba hwa? In an jiƙa buhu an manna?" Na ce maimaita. Ya maimaita. Na buga cinya na ce wa Malam Nasiru mun karɓi aikin.

Muka jera gangunan ƙarfe, muka ɗora katakai, muka yi hawa biyu. Muka yayyanka buhun algarara, a tsoma a ruwa a matse, a manna a rufin, a tokare da ɗan allo da gora. In gugguru ya sha iya shansa, ƙasar ciki ba ta ji ba, a cire a bi da sakaina. Faɗin tafin hannu biyu a lokaci guda. Ƙarfe ko ɗaya bai taɓa rufin nan ba. Na aika kasuwa aka sayo fasassun ƙore, mai sayarwa na ta mamakin masu neman fasasshe suna barin mai lafiya.

Ina kan aikin bakan gabas sai na ji sakaina ta faɗa wani ɗan kwari ta fito. Na ce ko tsaga ce. Na sake ja, ta sake faɗawa. Na goge da tsumma, sai ga ja. Na ƙara gogewa, sai ga shuɗi. Na ce, "Manu, taho ka gani!" Zane ne, jama'a! Zanen magina na da, wanda ake tayarwa da yatsa tun ƙasa na ɗanya, dagi yana shiga yana fita, an shafe shi da jar ƙasa da shuni. Filar da aka cike shi da ita ce ta adana shi, launin kamar jiya aka sa. Malam Nasiru ya shigo ya ɗaga kai, ya yi ta salati. Shi bai taɓa gani ba, yana ƙarami aka rufe. Kafin azahar labari ya zaga Bakura. Dattawa suna shigowa da sanda, wannan ya ce a nan ya sauke karatu, wancan ya ce ya tuna zanen nan. Mu kuwa a sama ko yunwa ba ma ji. Kowane buhu muka ɗaga, sai an yi kabbara a ƙasa.

Mun kai wajen rabi sai hadari ya haɗo ba shiri, wata ranar da la'asar. Ruwan farko ne, irin mai zuwa da iska. Ya fara ke nan na ga ɗigo a bakan arewa, ɗigon ya zama zirin ruwa ja yana bin zanen da muka gama buɗewa. Na ce indararo ya toshe, ruwa ya taru a kan soro. In ya ƙara jimawa, rufin nan ƙasa zai zo, da mu da zanen. Kafin in rufe baki Manu ya dire daga kan katako ya fita. Ya jingina tsani, ya hau cikin ruwan nan, iska na kaɗa tsanin. Na riƙe masa ƙafar tsani ina ihu ya bi gefe, kada ya taka tsakiya. Ya rarrafa ya zura hannu cikin indararo har kafaɗa, ya zaro sheƙar tsuntsu da leda da ƙasa. Sai ji muka yi ruwa ya ɓarke ta indararon, fuuu, ya sauka a kaina. Ban taɓa jin daɗin jiƙewa irin na ranar ba. Malam Nasiru da maƙwabta suka kawo tamfol muka miƙa masa ya shimfiɗa, ya danne da bulo.

Da muka koma ciki, wani yanki na bakan arewa ya riga ya faɗo, kamar faɗin faifai. Wannan zanen ya tafi, ba mu same shi ba. Amma ramin ya nuna mana azara biyu da gara ta cinye, waɗanda da ba mu gani ba wata rana a kan masu karatu za su sauka. Muka tokare da gwafa, aka ɗauko wani tsohon magini daga Birnin Tudu ya sauya su ya mayar da ƙasa. Wani baffan Malam Nasiru da ya fi kowa son a rushe ya zo a ranar, ya daɗe yana kallon sama, ya dubi Manu da ke rawar sanyi a gefe, ya cire babbar rigarsa ya yafa masa. Ba a ƙara zancen bulo ba. Daga aikin nan kuma ba a sake tsayar da Manu a ƙofar gida a Bakura ba, yanzu ma har aikinsa yake karɓa shi kaɗai.

Tsakiyar rufin muka bari ƙarshe, inda bakuna suka haɗu, don nan filar ta fi kauri. Manu ne a hawa na sama. Ya ɗaga buhu ya ja sakaina, sai muka ji ƙaras, ƙarar da ba ta ƙasa ba. Ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa da farce, ta ce ƙil. Ya yi ta sharewa a hankali har wani abu mai sheƙi ya leƙo, fari da shuɗin fure. Farantin tangaran ne, an kafa shi cikin ƙasa a ƙololuwar soron.

Malam Nasiru ya ce, "Bari in kira Inna." Kakarsa ke nan, Inna Kulu, matar malamin da ya yi karatu a soron. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, sai dai ta bambance haske da duhu. Aka riƙo ta aka zaunar a kujera. Muka sauko muka durƙusa muka gaishe ta. Malam Nasiru ya ce, "Inna, an ga wani abu a tsakar ruhi."

Ta ce, "Kada ka gaya min. Faranti ne. Hwari, da huren shuɗi."

Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan tana amarya ake ginin soron. Maginin ya aiko cikin gida a ba shi faranti na sawa a tsakiya, mata duk suka noƙe, kowa na jin jerenta. Ita ta ciro ɗaya daga nata ta bayar. Ta yi dariya ta ce, "Ba don kirki na ba shi ba. Na yar da shi ne ya ɓalgace a baki, ina tsoron innata ta zo ta gani. Ku duba, akwai ɓalli a gehe."

Manu ya haye da sauri kamar ba mai furfura ba. Ya share gefen farantin, ya leƙo ƙasa ya ce, "Akwai, Inna! Ga shi nan!" Aka ɗauki kabbara har waje.

Inna Kulu ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ku kai ni."

Malam Nasiru ya ce, "Inna, sama ne hwa. Hawa biyu."

Ta ce, "Na ji. Ban gani da ido, sai in gani da hannu. Ku kai ni."

Aka yi ta ba ta baki, ta ƙi. Na duba gangunan, na ƙara katakai, na ɗaure su da igiya tam, na hau na yi tsalle a kai don in ji ƙarfinsu. Jikokinta maza suka ɗauke ta da kujerar, daga ƙasa zuwa hawa na farko, daga nan ni da Manu muka karɓe ta zuwa na biyu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Mata sun cika ƙofar cikin gida suna salati, wasu sun rufe ido. Muka tsayar da ita, ni na riƙe ta ta dama, Manu ya kama hannunta ya ɗaga ya ɗora a kan farantin.

Ta shafa shi a hankali, ta bi bakinsa da yatsa har ta kai ɓallin, ta tsaya a nan ta daɗe. Sannan ta ci gaba da zagayawa, sai yatsanta ya ci karo da sauran gugguru da ya maƙale a gefe ɗaya. Ta ɓata fuska.

Ta ce, "Wa ad da aikin ga?"

Manu ya ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "To ba ka gama ba. Mi kaka kankara da shi?"

Ya sa mata sakaina a hannu. Ta juya ta, ta ji bakinta da babban yatsa, ta ce, "Awo, wannan na san ta." Ta ɗaga hannu, ta kwantar da sakainar daidai yadda ake kwantarwa, ta ja. Guggurun ƙarshe na soron nan ya faɗo a kan mayafinta. Ta kama bakin mayafin ta goge farantin har ya yi ƙyalli, sannan ta ce mu sauke ta, la'asar ta yi.

Shi ya sa har yau in an tambaye ni su wa suka kankare soron malamai na Bakura, nakan ce mu uku ne.